SIFAWA DA BODINGA: DUKIYA A ƘOFAR GIDA

Da wuya a sami magidanci a ƙasar nan wanda bai taɓa jin sunan Tailan ba, ko da a jikin buhun shinkafa ne. Shekara da shekaru mun ci shinkafarsu mun biya su kuɗi, alhali kuwa ga fadamun Rima da na Kabi a kwance. Amma mutanen nan suna da wata sana'a wadda ta fi ta shinkafa ban mamaki, domin hajarta ba a ɗura ta a buhu, ba a kuwa loda ta a jirgin ruwa. Mai saye shi ke tasowa da ƙafarsa, ya zo ya biya, ya koma gida ya bar musu abinsu inda ya tarar da shi. Sana'ar nan ita ce karɓar baƙi masu yawon buɗe ido. A shekarar 2019 kaɗai baƙin da suka shiga ƙasar sun kusa miliyan 40, kowanensu kuwa sai da ya ci abinci, ya kama masauki, ya hau mota, ya sayi tsaraba.

Mu da ke zaune a Dingyadi, cikin ƙasar Bodinga, mun daɗe muna juya wannan magana a zuci. Yau muna so mu fito da ita fili, don jama'a da shugabanni su auna, in da gaskiya a ciki a ɗauka, in babu a yi mana gyara.

YADDA ƘAUYEN MASUNTA YA ZAMA GARI

Bari mu ba da misali da gari guda nasu, mai suna Huwa Hin, wanda ke bakin teku, wajen kilomita 200 kudu da Bankok, babban birnin ƙasar. Asalinsa ƙauyen masunta ne, ba wanda ya damu da shi. A shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso wurin. Cikin shekarun 1920 hukumar jirgin ƙasa ta gina babban masauki a bakin ruwa, Sarkin ƙasar kuma ya gina gidan hutawa wanda ma'anar sunansa ita ce nesa da damuwa. Da manya suka fara zuwa shan iska, sai talakawa suka bi, daga baya baƙin ƙasashen waje suka biyo sahu.

To, abin lura a nan shi ne, ba su tsaya ga teku kaɗai ba. Duk wani abu da ke kewayen garin wanda ido zai so gani, sun share shi, sun yi masa hanya, sun sa masa mai tsaro. Tsohuwar tashar jirginsu ta katako sun riƙe ta da gyara har ta zama abin da baƙi ke zuwa ɗaukar hoto. Kudu da garin akwai duwatsu da fadamu waɗanda Gwamnati ta keɓe tun 1966, ta hana a ɓata su. A cikin duwatsun akwai wani kogo wanda aka gina 'yar rumfa cikinsa saboda ziyarar da wani Sarkinsu ya kai a 1890, har yau mutane na hawan dutse suna gumi don su je su gan ta. Da dare kuma ga kasuwa tana ci, mai kifi da mai saƙa da mai sassaƙa kowa na samun rabonsa.

Hukumar da ke kula da wannan sana'a a ƙasar tasu an kafa ta ne a 1960, watau shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai. Tare muka tashi, sai dai kowa da inda ya sa gabansa.

ME MU KE DA SHI?

Wani zai ce, ai su teku gare su, mu fa? Gaskiya ne ba mu da teku. Amma 'yar rumfar da ke cikin kogon nan, me ya ba ta daraja in ban da labarin wanda ya taɓa zama cikinta? In kuwa labari ne ke jawo baƙo, to, ƙasar Bodinga ba ta da abokin gasa a wurare da yawa na Afirka ta Yamma.

Ga Sifawa nan kusa da mu. Bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tabkin Kwatto a cikin shekarar nan, da cin Alƙalawa a 1808, Shehu ya taso daga Gwandu ya zauna a Sifawa. Nan ya yi wajen shekara biyar, har 1815 sa'ad da ya koma Sakkwato, inda Allah ya karɓi ransa a 1817. Shekarun nan na Sifawa su ne na zaman lafiyarsa bayan wahalar yaƙi, cikinsu ya koma ga abin da ya fi so, watau karantarwa da rubuta littattafai. Almajirai da malamai suka riƙa zuwa daga nesa suna ɗaukar karatu. A nan ne kuma, a 1812, ya raba kula da ƙasa biyu, gabas ya danƙa wa ɗansa Muhammadu Bello, yamma kuwa ya danƙa wa ƙanensa Abdullahi. Duk wanda ya san tarihin Sakkwato da Gwandu, da sarakunan da ke bin kowace, daga Adamawa har Ilori, ya san cewa wannan rabo shi ne tushen tsarin da aka bi har zuwan Turawa a 1903. An yanke shawarar nan ne a ƙasarmu, cikin garin da mu ke wucewa ran kasuwa ba mu ko waiwaya.

Ga Bodinga kuma, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna don ya kasance kusa da wansa, kafin daga baya ya koma Gwandu. A cikin shekarun nan ne, a 1813, ya rubuta Tazyinul Waraƙati, shekara guda bayan Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri. Littattafan nan biyu su ne madogarar duk mai binciken tarihin jihadi, ana karanta su a jami'o'in Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, wadda daga baya ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata, tana da ƙuruciyarta ta ga zaman nan na Sifawa.

In aka ƙara gaba kudu sai ƙasar Yabo, garin Muhammadu Moyijo, ɗaya daga cikin shugabannin da suka ba Shehu goyon baya tun da wuri. Kusa da nan ga Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda aka haifa a 1925, ya yi malamin makaranta, ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a watan Disamba na 2018 aka kai shi garinsu aka rufe. Mu kanmu a Dingyadi muna da abin tunawa, domin daga nan Malam Sani Dingyadi, Makaman Sakkwato, ya fito, yana cikin mutanen farko na lardin nan da suka yi ilmin zamani suka kuma karantar da na baya.

Duk waɗannan wurare suna kan hanya guda ko kusa da ita, watau babbar hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Mutum na iya zaga su cikin yini ɗaya, ya kwana, gari ya waye ya shiga birni ya ziyarci Hubbaren Shehu, da masallacinsa, da na Sarkin Musulmi Bello, ya ga takardun da a ke ajiye da su a ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu, ya tsaya a Giginya inda Sarkin Musulmi Attahiru ya tari sojan Turawa ran 15 ga Maris, 1903. In yana da sauran kwana ya wuce Wurno inda kabarin Bello ya ke.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana kudu da birni, watau ta wajenmu. Baƙo ya sauka, ya shiga mota, ya juya arewa. Ya yi ziyararsa a Hubbare, ya gama sha'aninsa, ya komo ya hau jirgi, bai san cewa Sifawa tana bayansa kaɗan ba. Ba laifinsa ba ne. Wanda bai ji kira ba, ba a ce ya ƙi amsawa.

ABIN DA ZA MU YI HASARA

Kada a ɗauka maganar kuɗi kaɗai mu ke yi. Kakanninmu da ƙasa suka yi gini, ginin ƙasa kuwa kowa ya san halinsa. In aka bar shi damina biyu ba yaɓe, sai bango ya tsage, azara ta ruɓe, soro ya zauna. In kuma mai son gyara ya zo ba da sani ba, sai ya rushe tsohon ya kafa na siminti, yana ganin alheri ya yi, alhali ya share shaidar da ba ta sake dawowa. Garuruwa suna faɗaɗa, filin da jiya a ke nuna wa yara a ce nan ne wane ya zauna, gobe sai a tarar an yanka shi fuloti.

Na biyu, tsofaffin da suka ji labari daga bakin kakanninsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kowane tsoho irin wannan da aka kai makwanci, an rufe shi ne da wani abu wanda babu shi a littafi. Haka kuma takardun da ke cikin gafakokin gidajen malamai, gara da ɗigon ruwa ba su san darajar tawada ba.

Na uku shi ne 'ya'yanmu. A tara yaran firamare goma a tambaye su shekara nawa Shehu ya yi a Sifawa, ko wane ne ya zauna a Bodinga, a ga nawa za su amsa. A sake tambayarsu sunayen 'yan ƙwallon Ingila a ji yadda baki zai buɗe. Yaron da bai san cewa an taɓa rubuta littafi a garinsu ba, yaya za a yi ya yarda shi ma zai iya rubutawa? Matasanmu suna tafiya ci-rani Legas da Fatakwal da Abuja, waɗansu ba su komowa. Ba mu ce ziyarar baƙi za ta tsai da su duka ba, amma ko goma ta tsayar, gida goma ke nan da ba su rasa mai noma ba.

MASU JA DA MAGANAR

Mun san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Waɗansu malamai suna tsoron kada zuwa wuraren nan ya zama hanyar roƙon matattu da ɗibar ƙasar kabari don neman tubarraki. Tsoron nan yana kan hanya, Shehu kansa ya yi rayuwarsa yana yaƙi da irin waɗannan al'adu. Amma maganin abin shi ne a sa masani a wurin, wanda zai gaya wa mai ziyara abin da ya halatta da abin da bai halatta ba. Wurin da aka bari ba mai kula, nan ne jahilci ke yin yadda ya ga dama. Ganin inda malami ya zauna ya karantar, da jin irin wahalar da ya sha, wa'azi ne mai shiga zuciya.

Waɗansu kuma suna cewa yawon buɗe ido shi ke kawo giya da fasikanci, su kan kuwa ba da misali da Tailan ɗin nan. Ba mu musa ba, akwai garuruwansu na bakin teku da suka yi ƙaurin suna a kan haka, mutanen ƙasar da kansu suna kuka da abin. Amma kowace kasuwa da irin masu cinta. Wanda zai taso don ya ga inda aka raba daular Usmaniyya, ɗalibi ne, ko malami, ko Bafillacen Kamaru, ko Bahaushen Maraɗi da Kumasi da Sudan wanda ke son ya ga tushensa. Irin baƙin nan tabarma da ruwan alwala su ke nema. Abin da za mu koya daga mutanen Tailan shi ne tsabta, da tsari, da girmama baƙo, da sanin darajar abin da a ke da shi. Sauran mu bar musu kayansu.

Akwai masu cewa, asibiti ba magani, makaranta ba rufi, ina kuɗin gyaran kufai? Wannan ita ce hujja mafi nauyi, ba kuwa za mu ce a ɗebe daga kuɗin magani ba. Amma a duba abin da mu ke roƙo a ƙasa, a gani ko akwai wanda ya kai kuɗin motar babban ma'aikaci guda. Ba otal mai hawa goma mu ke nema ba. Mun kuma ga darasi a Tailan ɗin kanta: da annobar korona ta rufe hanyoyi, baƙinsu suka faɗo daga kusan miliyan 40 zuwa ƙasa da rabin miliyan a 2021, mutane da yawa suka rasa abin yi. Saboda haka ba mu ce kowa ya yar da fartanya ba. Noma shi ne uwa, wannan ɗan ƙari ne a kan tuwo.

Sai maganar tsaro. Ba a ɓoye take ba, cikin shekarun nan 'yan bindiga sun addabi gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni inda kufan Alƙalawa ya ke, a 2024 kuma sunan Lakurawa ya fito a wajen Gudu da Tangaza. Baƙo ba ya zuwa inda zai kwana da ido ɗaya. Wannan ma shi ya ƙara sa mu ke cewa a fara da wuraren da ke kusa da birni, a bakin babbar hanya, inda tsaronsu ya fi sauƙi. In Allah ya kawo lafiya, sai a miƙa zuwa Degel da Gudu da Tabkin Kwatto da Alƙalawa, an riga an koyi aikin.

ABIN DA MU KE ROƘO

Na farko, Gwamnatin Jiha da Majalisar Sarkin Musulmi, tare da hakimai da dagatai, su sa a bi wuraren nan ɗaya ɗaya a rubuta su, a auna iyakarsu, a sa su cikin doka, don kada wani ya wayi gari ya ce gonarsa ce. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, aikinta ke nan, a gayyato ta.

Na biyu, a kafa alluna a bakin hanya da kuma a kowane wuri, da Hausar boko da ajami da Larabci da Turanci, a rubuta abin da ya faru da shekarar da ya faru, a taƙaice, bayan masana sun tantance.

Na uku, in za a yi gyara a kira maginan gargajiya, a yi da ƙasa da makuba da azara yadda aka gada. Mutanen Agadas a Jamhuriyar Nijar da ƙasa suka riƙe hasumiyar masallacinsu, har hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ba su fi mu magina ba.

Na huɗu, Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari su turo ɗalibansu na tarihi su zauna da tsofaffinmu, su ɗauki maganarsu a na'ura tun suna da rai, su ɗauki hoton takardun da ke gidaje ba tare da an raba masu su da su ba. Daga cikin samarin garuruwan nan kuma a zaɓi waɗansu a koya musu, a ba su shaida, su zama masu yi wa baƙi jagora, da ladan da aka yanka wanda kowa ya sani.

Na biyar, kowace makarantar firamare da sakandare ta ƙananan hukumomin Bodinga da Yabo da Shagari ta kai yaranta ziyara sau ɗaya a shekara, da sanyin hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin bazara ya sauko. Baƙonmu na fari ɗanmu ne. In shi bai ga darajar wurin ba, na nesa ba zai gani ba.

Na shida ya rataya a wuyanmu mu talakawa. Share wuri, da haƙa masai, da dasa bedi don inuwa, da ajiye randar ruwa, ba sai an jira takarda daga Sakkwato ba. Aikin gayya ne na safiya guda. Dukawanmu kuma su shirya, domin jar fatar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, tsaraba ce da ba mai raina ta. Haka masu tabarma da masu faifai da masu fura da nono. Sai dai mu ja kunnen juna: baƙon da aka cuta sau ɗaya ba ya komowa, ya kan kuma hana goma zuwa.

Maƙwabtanmu na Argungu sun nuna abin yana yiwuwa. Bikinsu na kamun kifi ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai musu a 1934, suka riƙe shi suka raya shi, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. A 2004 kuma an taru a Sakkwato an yi bikin cikar daular Usmaniyya shekara 200, manyan baƙi suka zo daga ƙasashe, aka yi jawabai, aka watse. Shekara ashirin da 'yan kai sun wuce tun daga ranar, yaran da aka haifa a shekarar sun zama magidanta. Muna roƙon kada a jira wani bikin kafin a tuna da Sifawa da Bodinga, domin damina ba ta jiran biki, tsofaffinmu ma haka.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amanar da suka bari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.